Neman shawara: baikon azuminmu yana hannun fasto, shi kuma zai bar mu bayan Ista

Mai tambaya, daga Yamai:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ikilisiyar Lutaran a nan Yamai. Yawancinmu daga wajen Numan ta Najeriya iyayenmu suka zo neman abinci, sai 'yan ƙasa da suka haɗu da mu daga baya.

Kowace shekara daga Larabar Toka har zuwa Ista, kowane gida yakan ware kuɗin cefanen da ya rage saboda azumi, ranar Lahadi a zuba a akwati na dabam. Da shi ake saya wa gwauraye da marayu hatsi. Baba fasto ne ke riƙe da akwatin, shi ya san gidajen, shi ke kai musu da dare a kan babur don kada kowa ya ji kunya. Ba mu taɓa samunsa da ko dala ɗaya ba.

Yanzu an yi masa canjin wurin aiki. Zai tafi jim kaɗan bayan Ista, sabon kuma ba zai iso ba sai damina ta kankama. Wasu dattawa sun ce a raba komai kafin ya tafi. Wasu sun ce a ɗebi wani abu a gyara rufin gidan fasto da ke yoyo, a kuma haɗa wa Baba guzuri, tunda duk aikin Allah ne. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma yaro ne ni a cikinsu. Me ya kamata in faɗa a taron dattawa?

Wani dattijo, daga Tawa:
Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Matar da ta hana kanta nama ta sa jika guda a akwatin nan, don mai jin yunwa ta sa. In kuka juya shi zuwa kwanon rufi ba tare da kun tambaye ta ba, baɗi ba za ta ƙara sawa ba, kuma ba za ta gaya muku dalili ba. Rufi da guzuri haƙƙi ne a kanku, amma ku sanar da baiko na musamman dominsu, ranar Lahadi dabam.

Batun rabawa yanzu kuma, ban goyi baya ba. Mu nan Adar mun san lokacin da yunwa ke cizo: daga watan Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, an yi shuka, sabon gero bai nuna ba, tiya kuma ta yi tsada. Wanda ya ga 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ku sayi hatsin da zarar an rufe akwati, tun farashi bai ƙara hawa ba. Ku zaga kasuwannin Katako da Wadata ku ji kuɗin buhu kafin ku biya, ku kuma sa a auna a gabanku, buhu mai kilo 100 wajen tiya 40 ne. Ku jera a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. In za ku haɗa da wake, sai a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ciki uku da ke hana iska shiga, a ɗaure kowane ciki dabam, in ba haka ba ƙwari za su riga gwaurayen ci.

Wata uwa daga zumuntar mata, unguwar Bukoki a Yamai:
Baba, a gafarce ni, amma yunwar birni ba ta jiran damina. Wadda ke zaman haya a Yamai ba ta da rumbu ko a watan kaka, awo take yi kullum. Akwai gidajen da in aka ce su jira Yuli, an ƙware su. A ba irin waɗannan rabonsu a makon Ista, sauran a ajiye. Ishaya sura 58 ta ce azumin da Allah ke so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci, ai kuwa wanda ke ƙofarka yau ake nufi.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen. Duk suna cikin kan fasto. Ya zauna da mata biyu masu riƙon asiri, waɗanda ba su da surutu, ya zaga da su gida-gida kafin ya tafi, don masu karɓa su saba da fuskarsu. Kada a karanta sunan kowa a majami'a. In kuma akwai maƙwabta Musulmi da ya saba kai wa, kada a yanke su don ya tafi. Tare muke jan ruwa a famfo ɗaya.

Wani fasto mai ritaya:
Ɗana, ka faɗa wa dattawa a kafa kwamitin da zai riƙe akwatin, kuma yin haka ba zargin Baba fasto ba ne, kāre shi ne, da wanda zai gaje shi. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da wasu 'yan'uwa, har da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin faɗa. A Ayyukan Manzanni sura 6 ma, da gunaguni ya tashi kan rabon gwauraye, mutum bakwai jama'a suka zaɓa.

Ku da kuke Lutaran kuna da gadon wannan a gida. A 1523 mutanen garin Leisnig a Jamus suka kafa asusun jama'a don matalauta da hidimar ikilisiya, Martin Luther ya rubuta wa ƙa'idar gabatarwa. Mutum 10 ke kula da shi, akwatin kuma makulli huɗu gare shi, kowane mabuɗi a hannu dabam. Ba sai kun yi huɗu ba. Biyu sun isa: ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugabar mata. A ƙirga kuɗin a gaban shaidu ranar Ista bayan sujada, a rubuta a littafi, a sa hannu, a sanar da jimillar ga jama'a.

Sai dai ku fara zuwa wurin Baba fasto a gida kafin taro. Bari maganar ta fito daga bakinsa, shi ya miƙa akwatin a gaban ikilisiya ya yi addu'a a kan waɗanda za su karɓa. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan hidima a ɓoye, bai kamata ya fara jin zancen kwamiti a bainar jama'a ba. Sabon fasto kuma in ya zo, a ba shi littafin ya duba, a gayyace shi cikin rabon, amma ku bar shi ya san mutane tukuna kafin ya canza wani abu.

Mai tambaya:
Na gode iyayena, Allah ya saka. Zan je wurin Baba da ni da ma'aji ranar Asabar. Saura abu ɗaya: ɗakin ajiyarmu yana cikin gidan faston ne, inda rufin ke yoyo, kuma gidan zai zauna babu kowa.

Dattijon Tawa:
To kada buhu ko ɗaya ya kwana a can, ɗana. Ku nemi ɗaki a gidan wani dattijo da ke da mutane dare da rana, ku sa kwado biyu kamar na akwatin. Baikon rufin kuma ku sanar da shi tun wannan Lahadin, don a samu a gama aikin kafin ruwan farko.