Fari ne ke shanye rijiyoyin Abzin, ko injin ban ruwa?

Ɗan Tabelot (wani gari a ƙasar Abzin, jihar Agadas ta Nijar): Salamu alaikum. Ni dai maganata ɗaya ce: sauyin yanayi ne ya kashe mana rijiyoyi. Rijiyar lambun gidanmu da yaro ke jefa guga ya ciko, yanzu duk bazara sai an shiga an yashe ta, an ƙara mata zurfi. Tun farin 1973 da na 1984 ƙasar ba ta koma daidai ba.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a ɗora wa sama laifi, faɗa mana da me kuke jan ruwan. Kakanka da raƙumi ko sa yake ja, guga ɗaya bayan ɗaya, dabba ta gaji a tsaya. Kai kuwa inji kake tayarwa da asuba, ba ya hutawa sai mai ya ƙare. Kuma ba kai kaɗai ba, kowane lambu a bakin ƙoramar da nasa, tunda albasa ta yi kuɗi, manyan motoci na lodinta zuwa kudu.

Ɗan Tabelot: Baba, to mu daina noma ke nan? Da albasar muke ci.

Malama daga Damagaram: Ba haka Baba ya ce ba. Amma Baba, ni ma ban yarda a wanke yanayi tas ba. Rijiyoyin Abzin ai a cikin yashin ƙorama suke, ruwan da ya gangaro daga duwatsu irin na Bagzan da damina shi ke cika su. Shekarar da ƙorama ba ta kawo ba, ko babu inji ɗaya rijiya za ta ja baya. Ga zafi ya ƙaru, shuka na neman ban ruwa fiye da da.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Wannan gaskiya ce, Malama, a Abzin. Amma ki je Bilma. Can shekara na iya wucewa ba a ga ruwan sama na kirki ba, amma idanun ruwa na ɓuɓɓugowa, dabino na yi, ana haƙar gishiri ana yin kantu. Ruwan nan ba na daminar bara ba ne. Ya shiga ƙasa ne tun dubban shekaru, zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, lokacin da mutane suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutsen Dabus. Rumbu ne da aka cika tun tuni, ba mai ƙara zuba masa. Irin wannan ruwa fari ba ya taɓa shi kai tsaye. Famfo ne ke rage shi. Shi Libiya ke zuƙowa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen gaɓar teku, aikin da aka fara a 1984.

Bahaɗeje: Ku ba ni dama. Mu nan an daɗe ana ce mana fari ne ya cinye fadamun Haɗeja da Nguru. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su suka tare ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama tana nitsewa ƙasa. "Sauyin yanayi" ya zama bargon da hukuma ke lulluɓa da shi, don ba a kai gajimare kotu.

Malama daga Damagaram: Yallaɓai, ka yi mana nisa, Abzin ba ta da Tiga.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Bari in ƙara rikita ku. A gabashin Yamai, daga shekarun 1960 zuwa 2007, ruwan ƙarƙashin ƙasa tasowa ya yi da kusan mita 4, duk da farin da aka sha. Dalili? An sare daji an yi gonaki, ƙasa ta yi fako, ruwa ya daina tsayawa a tudu, yana gudu ya taru a tabkuna, daga nan yake zurarawa ƙasa. Ruwan sama ya ragu, rijiya ta ƙaru. Wanda ya ce lissafin ɗaya ne ko'ina bai leƙa rijiya da yawa ba.

Ɗan Tabelot: To Baba, mu ai ruwan ma yanzu da hauka yake zuwa. A 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje a Agadas. Wannan ba sauyin yanayi ba ne?

Malama daga Damagaram: Nan ne nake tare da kai. Ruwan wata guda ya zubo a dare ɗaya, ya kwashe ƙasar lambu ya wuce, yashi bai samu ya sha ba.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Shi ya sa ake gina 'yan shingayen dutse da siminti a gicciyen ƙorama, su rage wa ruwa gudu ya samu ya nitse. Suna aiki. Amma idan aka gina, gobe kowa ya ƙaro inji na biyu, an koma gidan jiya. Sai masu lambu sun zauna sun yanke awa nawa kowa zai yi yana ja.

Ɗan Tabelot: Wa zai fara kashe nasa injin, Baba? Na sama da mu su ke fara tarar ruwan. Su fara, mu bi.