In bayar da suyar cincin ɗin bikin in tafi in huta, ko in daure?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa don Allah shawara. Wata 3 ke nan likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da ADHD, wato lalurar kasa tattara hankali wuri ɗaya, a shekara 34, bayan duk tasowata ana ce min shashasha. Ina koyarwa, ina sai da turaren wuta, yara 3, ga surukata a gidan. Jiya na ɗora shinkafa na fita kwashe shanya sai ga ni ina wanke firij, ƙauri ne ya dawo da ni kicin. Yanzu bikin ƙanwar maigida ya matso an ɗora min cincin da dubulan na gara, ni kuma so nake hutun makarantar nan in je gidan yayata a Zariya in yi barci kawai. Ba ni da ɗakin ajiye 'yar aiki. In bayar a soya in biya? Ko na kwanta ma ji nake kamar sata na yi.

Maman 'yan biyu: Ki ɗauki 'yar aiki kawai ki huta.

Mai tambaya: Anti na ce fa ba ɗaki.

'Yar Fagge: Ki bayar, a unguwarmu dubu 3 ake soya kwano in kayanki ne.

Mai kayan miya: Dubu 3 a wace shekara? Ni dubu 7 na biya kafin Sallah, man ma sai da suka rage.

Hajiya Babba: Mu da muka yi surfe da daka muka haifi 9 ba mu san wani ADHD ba. 'Yata ki riƙe azkar ki daure, bikin dangin miji ba a wasa da shi.

Uwar Abba: Hajiya da girmanki, daurewar nan ce ta kai ni gadon asibiti. Shekara 11 duk suna duk biki ni ce a bakin murhu, in na manta gishiri a yi ta dariya ana cewa ai kun san ta, ranar wani suna na tsaya tun asuba har isha jiri ya kwashe ni a tsakar gida, ana sa min ruwa wallahi wata ta leƙo tana tambayar inda na ajiye mukullin sito. Ko sannu. Kuma mukullin a ɗaure yake a bakin zanina, ni ma na manta.

'Yar Fagge: Mukullin nan ya kashe ni 😂 yi haƙuri. Ni wayata nake nema da fitilar wayar, ko mu haɗu a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne?

Nas: Irin wasan nan ne ke hana mata zuwa asibiti. Ba hauka ba ne, kuma mantuwa kaɗai ba ta isa a ce ADHD ba, sai alamun sun faro tun kafin shekara 12. 'Ya'ya mata ba a cika gane su ba saboda ba lallai su yi ƙiriniya ba, tana zaune shiru hankalin ya yi gaba. Da yawa abin yana tsananta musu gab da al'ada. Maganin irin su Ritalin kuma sai da takardar likita, kar wadda ta karɓi na wata.

Hajiya Babba: Ke nas ce ko likita? Kin ma yi aure?

Nas: Likitanta ai ya riga ya yi magana Hajiya.

Mai tambaya: To Zariyar fa, in je?

Uwar Abba: Je ki, ki kashe data, in ba haka ba kina kwance za ki kwana amsa masu tambayar turare.

Mai kayan miya: Ni abin da ke ci min rai ma anko ne. Kala 3 a biki ɗaya, kamu daban, yini daban, dina daban, ga gudummawa, kuma matar wa ce farkon wadda ake miƙa wa lis.

Maman 'yan biyu: Kala 3? Namu 4 ne har da na ƙawayen uwar amarya, telan ma har yau bai ɗaga wayata ba.