Gini a kan gangare: a binne shi cikin tudu ko a bi tudun hawa-hawa?

Mai_Zane:
Assalamu alaikum. A ce jami'a za ta gina ɗakin karatu da zauren taro a fili mai gangare, bambancin tsayi mita 9 cikin tsawon mita 60, ga manyan bishiyoyi a tsakiya. Ana son irin ginin zamanin nan da ke shigewa cikin tudu, rufinsa lulluɓe da ciyawa. A tona a binne shi ne ya fi, ko a yi shi hawa-hawa? Kuma me ya fi ba da matsala bayan an gama?

Injiniya_Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar siffa, a fara sanin hanyar ruwa. Safiyo ya auna filin, a haƙa ramukan gwaji a ga irin ƙasar da zurfin ruwan ƙarƙashinta, kuma a sake dubawa da damina, don awon rani yana yaudara.

Duk bangon da ya jingina da tudu katangar tare ƙasa ce. Idan ruwa ya taru a bayanta har mita 3, a gindinta kowace murabba'in mita tana ɗauke da turin ruwa kusan tan 3, ban da na ƙasar. Jiƙaƙƙiyar ƙasa takan ninka turin da busasshiya ke yi, shi ya sa katanga take tsagewa ko ta karkata. Jerin aikin daga bango zuwa waje: kankare, shimfiɗar hana ruwa, allon kare ta, tsakuwa mai kaurin santimita 30 aƙalla, sannan ƙyallen tacewa da zai hana laka shiga tsakuwar. A gindi a sa bututu mai huda-huda na milimita 100 zuwa 150, ƙasa da matakin daɓen ciki, da ɗan gangare zuwa mafita. A bar masa wurin wankewa a kowace kusurwa. Inda aka fi yin ganganci shi ne lokacin cike ramin: lebura ya juye ɓaraguzai masu kaifi, su huda shimfiɗar, sai bayan shekara biyu damshi ya fito a bayan kantocin littattafai, gyara kuwa sai an sake tono. A ganina hawa uku na mita 3 kowanne ya fi katanga ɗaya ta mita 9 sauƙi da aminci.

Hajiya_Akitek:
Na yarda da Injiniya a kan ruwa, amma binne gini ba laifi ba ne idan an tanadi haske. Dubi ginin da Dominique Perrault ya yi wa Jami'ar Mata ta Ewha a Seoul, wanda aka kammala a 2008. Ginin yana ƙarƙashin lambu, amma an tsaga tsakiyarsa da dogon kwari mai bangon gilashi hagu da dama, kwarin nan shi ne hanyar ɗalibai, shi ne kuma tagar ginin. Tadao Ando a gidan adana zane na Chichu da ke tsibirin Naoshima a Japan, 2004, ta sama ya shigo da hasken. Zane yana jure ɗaki marar taga. Ɗalibin da zai wuni yana karatu kuwa yana son ganin waje.

Ƙa'idar da ake aiki da ita: hasken taga yana kaiwa kusan ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman tagar daga daɓe. Taga mai kai mita 3 za ta haska mita 6 zuwa 7.5 ne kawai. Don haka zauren taro, ma'ajiya, banɗaki da ɗakin injuna su koma ɓangaren tudu, teburan karatu su zo bakin fuskar da ke buɗe.

Sai maganar masu keken guragu, wadda ake yawan tunawa a makare. Gangarenka ya kai kashi 15 cikin 100. Hanyar keken guragu ta 1:12, wato hawan mita 1 a kowane mita 12 na tsawo, za ta ci mita 108 ban da wuraren hutawa, ta 1:20 kuma mita 180. Gara a sa ƙofa a kowane hawa, lif ɗin ginin ya haɗa su.

Mai_Lambu:
Rufin ciyawa iri biyu ne, kada a haɗa su a lissafi. Mai siririyar ƙasa, santimita 8 zuwa 15, idan ya jiƙe yakan kai kilo 60 zuwa 150 a murabba'in mita, kuma ba a yi shi don tattakawa ba. Wanda jama'a za su hau, irin na gidan tarihin Moesgaard a Denmark da aka buɗe a 2014, yana son ƙasa mai zurfi, ban ruwa, da ƙarin lissafin nauyin mutane. Ba ƙasar gona ake zubawa ba, don takan danƙare ta toshe magudana. Haɗi ne mara nauyi mai yawan tsakuwa. A sa abin tare saiwa, a cika rufin da ruwa na awa 24 zuwa 48 a ga ko yana yoyo kafin a zuba komai. Idan karkatar rufin ta wuce digiri 10, sai an sa madogarai, in ba haka ba ƙasar ta zame da ruwan farko.

Mai_Zane:
Madalla, na gode. Bishiyoyin fa?

Mai_Lambu:
A auna kaurin gindin, a ninka sau 12, a killace da'ira mai wannan nisan tun kafin katafila ta shigo. Bishiya mai kaurin santimita 60 tana son mita 7.2 ta kowane gefe: babu tono, babu jibge yashi, babu ajiye mota. Yawancin saiwoyin suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma bishiyar da aka danne wa su takan ɗauki shekaru kafin ta bushe. Ka kuma lura da bututun Injiniya: idan katangar tana sama da bishiyoyin a kan tudun, zai janye ruwan da suka saba samu, sai a karkato mafitarsa wajensu.