Masu torrent sun kashe mana waifai a hostal

Ɗan Aji Huɗu: Wallahi abin nan ya ishe ni. Tun ƙarfe 11 na dare nake fama in tura wa sufabaiza babi na uku na projek ɗina, fayil ɗin ko 4MB bai kai ba, har aka kira asuba bai tafi ba, na leƙa ɗakin da ke kusa da mu na tarar da laftof uku a kunne uTorrent, manhajar sauke fayil ta torrent, na ta jan fim, masu su kuwa sai minshari suke. Ɓarayin netwok kawai. ICT, sashen da ke kula da intanet ɗin makaranta, su toshe torrent gaba ɗaya kowa ya huta.

Injiniya: Malam ka janye kalmar ɓarayi. Kuɗin intanet da ke cikin rijista kai kaɗai ka biya?

Antin Laburare: To in an kawo tuwo na mutum goma a tire ɗaya ka cinye kai kaɗai, ya sunanka?

Injiniya: Sunana mai haɗama Anti. Haɗama daban, sata daban.

Ustaz: Ku yi a hankali da harshe. Sata a fiƙihu sai an ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa, kuma ya kai nisabi. Waifai kuwa a iska yake yawo.

Antin Laburare: Allah gafarta Malam, shi fim ɗin fa da suke saukewa, sun biya mai shi? Ko shi ma a iska yake?

Ustaz: Wannan wata mas'ala ce daban, sai mun haɗu.

Ɗan Kwamfuta: Jama'a ku tsaya ku ji. Torrent ba irin saukewar da kuka saba ba ce, yana haɗuwa da mutane da yawa lokaci guda, kuma ko fim ya gama sauka yana ci gaba da tura wa wasu a waje, hanyar fita kenan ta cushe, shi ya sa ɗan 4MB ɗinka ya maƙale. Toshewa kuma wahala ce, a da tashar 6881, ƙofar da torrent ke bi a netwok, ake rufewa, yanzu manhajar canza tasha take yi, ga VPN mai ɓoye abin da mutum ke yi a intanet. Tun shekarar 2000 jami'o'in Amurka suka sha wannan rigimar da Napster, manhajar musayar waƙoƙi. Abin yi a sa wa kowane ɗalibi iyakar gudu a kan router, na'urar da ke raba waifai, na kamfanin MikroTik ma na yi. Kuma ba fim kaɗai ba ne, Ubuntu da kanta, babbar manhajar kwamfuta ta kyauta, ana raba ta ta torrent.

Ɗan Aji Huɗu: Duk dogon turanci ne, ɓarawo dai ɓarawo ne.

Ƙanwar Kowa: Ni dai a hana Xender ma, su ne ke cinye mana data

Injiniya: Innalillahi. Xender waya da waya ce ƙanwata, ba ta taɓa intanet ɗin makaranta. 'Yan Arts kenan, in ba PDF ba ba ku san komai ba.

Ƙanwar Kowa: Yaya ka iya bakinka. Injiniyan da har yau fankar ɗakinsa da tsinke yake tayar da ita.

Antin Laburare: Ku da kuke da abin faɗa a kai ma kun more. Hostal ɗin mata sai mutum ya fito bakin famfo kafin ya ga sanda ɗaya ta waifai, ba wanda ya taɓa magana.

Injiniya: Fankata lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta kawo sosai.

Ɗan Aji Huɗu: Har yanzu fa babin bai tafi ba.

Shugaban Guruf: To ya isa haka. Abin da na fahimta, jama'a sun yarda torrent ba shi da laifi, Malam ma ya ce halas ne, matsalar ICT ce da suka ƙi ƙaro layi, kuma mai ƙorafi ya ba da haƙuri kan kalmar da ya faɗa. Injiniya, in sizin na biyar ya gama sauka ka aiko min da filas.

Ustaz: Ni ban ce halas ba ne fa.