Kek ɗina yana ƙonewa a sama, cikinsa kuma ɗanye: ina neman shawara

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Ina zaune a Unguwar Dosa, kuma wata biyu ke nan da maigidana ya sayo mini na'urar nan ta suya da iska mai zafi, wadda ake kira eyafiraya, mai cin lita 5. Kaza da dankali suna fita yadda nake so, amma sau uku ina gwada kek a cikinta, kuma duk sau ukun samansa yana yin baƙi ya tsage, idan na soka wuƙa a tsakiya sai ta fito da ɗanyen kwaɓi. Ina haɗa bota giram 250 da sukari da fulawa daidai wannan nauyin, da ƙwai 4, in juye duka a gwangwani mai faɗin inci 7, in sa digiri 180 na minti 30. 'Yata za ta yi saukar Alƙur'ani nan da mako biyu, na kuma yi mata alkawarin kek na hannuna a wajen walima. Don Allah a nuna mini inda nake kuskure.

Wata Hajiya daga Malali ta amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Awonki ba shi da laifi, matsalar tana ga wutar da kuma yawan kwaɓin. Idan kika zaro kwandon kika leƙa rufin na'urar daga ciki, za ki ga ƙarfen da yake ɗaukar zafi a murɗe, fanka kuma tana bayansa tana huro iskar kai tsaye a kan abin da kika sa. Tazarar da ke tsakanin wannan ƙarfe da fuskar kek ɗinki ba ta da yawa, saboda haka saman yana nuna ya yi ɓawo tun zafi bai ratsa tsakiya ba, kuma da kwaɓin ciki ya fara tashi sai ya fasa ɓawon, wanda shi ne tsagewar da kike gani. Digiri 180 ɗin da kika samu na babban obin ne. A wannan na'ura ki sauko zuwa 150, in ya yi yawa 160, ki kuma haƙura da ƙarin lokaci.

Na biyu, kwaɓin giram 250 ya fi ƙarfin gwangwani ɗaya mai inci 7. Ki raba komai biyu: bota giram 125, sukari 125, fulawa 125, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, da ɗan filebo. Kada kwaɓin ya wuce rabin gwangwani, ki kuma tabbata akwai ɗan fili tsakaninsa da bangon kwandon domin iska ta samu hanyar zagayawa zuwa ƙasa. Ki kunna na'urar babu komai a ciki na minti 3 zuwa 5 kafin ki sa, sannan ki ba shi kamar minti 30 zuwa 35. Bayan minti 15 ki buɗe ki rufe samansa da foyil. Ki daina gwaji da wuƙa, tsinken sakace ya isa; idan ya fito babu danshin kwaɓi a jikinsa, kek ya nuna.

Wata 'yar'uwa mai sana'ar kek daga Tudun Wada ta ƙara da cewa:

Hajiya ta gama magana, sai dai da izininta ina da ɗan saɓani a kan lokacin sa foyil. A minti 15 tsakiyar kek bai kama jikinsa ba tukuna, kuma mafi yawan waɗannan na'urori suna tsayawa da zarar an zaro kwando, sai zafi ya fice, kek ɗin ya lotsa a tsakiya kamar an danna shi da ludayi. Ni tun farko nake rufewa, in huda foyil ɗin da tsinke wuri huɗu ko biyar domin tururi ya fita, in ɗan ɗaga tsakiyarsa kada ya manne wa kwaɓin idan ya tashi, sai saura minti 5 zuwa 8 in cire domin saman ya yi ja. Abin da zan ja kunnenki a kai, ƙanwata, shi ne ki naɗe bakin foyil ɗin sosai a leɓen gwangwani, domin fankar tana da ƙarfin da za ta ɗaga shi ya manne wa ƙarfen sama. Haka ma takardar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kek wajen gasawa, kada ki taɓa barinta ita kaɗai a kwando lokacin da kike ɗumama na'urar, za ta tashi ta kama wuta.

Tunda kuma walima ce, ban ga hikimar yin babban kek ba. Ki nemi ƙananan gwangwanaye ko kofunan silikon a wajen masu kayan kek a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ki riƙa jera huɗu ko biyar a digiri 160 na minti 12 zuwa 15. Ƙananan ba sa ba da wahalar ɗanyen ciki, kuma sun fi daɗin rabo a leda tare da cincin.

Wani ɗan'uwa mai gyaran wuta daga Kawo ya ce:

Hajiyoyi, ku yi haƙuri na shigo maganar kicin, ni ta fannin wuta kawai zan yi magana. Irin wannan na'ura tana jan wat 1,200 zuwa 1,800, don haka ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. A jona ta a soket ɗin bango kai tsaye, ba a siririn waya mai kawuna da yawa ba. Idan wutar ta zo da rauni, ƙarfen ba ya kai zafin da aka sa masa da wuri, sai lokacin da aka saba ya ƙi isa. Ga mai mitar kati kuma, wat 1,500 na rabin awa bai kai yunit ɗaya ba.

Wata uwa daga Rigasa ta rubuta:

'Yata, mu da tukunya da yashi muka koya, kuma har gobe ina ba ki shawarar ki ɗora tukunyar yashi a kan gawayi ko gas a gefe ranar da za ki yi na walima. Idan aka ɗauke wuta kek yana tsakiyar gashi, kada ki buɗe, ki jira minti biyu ko uku. In ba ta dawo ba, ki mayar da gwangwanin cikin tukunyar da ta riga ta yi zafi ki rufe. Ki kuma gwada bekin fodarki a ruwan zafi kafin ki kwaɓa, idan ba ta yi kumfa ba ta mutu.

Mai tambaya ta dawo bayan kwana uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na raba awon biyu kamar yadda Hajiya ta ce, na rufe da foyil tun farko bisa shawarar Yaya ta Tudun Wada, na sa digiri 150. A minti 30 tsinken ya fito da ɗan danshi, sai na cire foyil na ƙara minti 8, ya fito fes, saman ya yi ja babu tsagewa. Ƙasan ne kawai ya ɗan yi fari, amma ya nuna. Ranar Asabar zan shiga kasuwa neman ƙananan gwangwanaye, kuma ina roƙon Yaya ta gaya mini ko kek ɗin zai kwana biyu bai bushe ba idan na gasa tun ranar Alhamis.