Hunturu ya kama: yaya kuke yi da dinya, kaji da awaki a bayan gida?

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar kiwo. Bayan babbar sallah maigidan ya kawo min dinya uku, namiji ɗaya mata biyu, wannan ne hunturunsu na farko a hannuna. Ina da kaji goma sha biyu, ɗaya tana da 'yan tsaki bakwai 'yan kwana tara, sai akuya mai tsohon ciki. Duka a bayan ɗaki suke, filin bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Daren jiya wajen ƙarfe uku na fito da tocila, na tarar 'yan tsakin sun cunkushe a ƙarƙashin uwar, biyu sun rasa wurin shiga suna ta kuka. Dinyoyin kuwa suna tsakar fili, kowacce a tsaye kan ƙafa ɗaya ta cusa baki cikin fiffike, sun ƙi kallon rumfar da na sa aka yi musu. Tausayi ya kama ni. Tunanina in tattara su duka a tsohon kicin, in toshe taga da leda, in sa musu kasko da garwashi. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Fagge

Wallahi da na ga kan maganar na ɗauka ɗinya ake rabawa, har na fara haɗiyar yawu. Ashe mai fiffike ce. Bari in koma gefe in saurari manya.

Baban Sadik, Bukuru

Hajiya, don Allah kada ki yi. Ni na yi, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A Disambar 2019 na ɗauko 'yan tsakin gidan gona guda 200. Ku da ke Zariya kuna kukan sanyi, to ku zo Jos ku ji, a wannan daren wayata digiri 9 ta nuna. Aka ɗauke wuta tun magariba, ƙwayayen lantarkin da na rataya musu suka zama ado. Na hura gawayi a kasko biyu na shigar ɗakin tun bai gama kamawa ba, na buga leda a taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na je na kwanta ina ganin na yi dabara. Da asuba ina buɗe ƙofar kaina ya sara, jiri ya ɗebe ni sai da na dafa bango. Tsit kake ji. Da na ƙirga, 143 sun mutu, galibinsu a kwance kusa da kaskon. Ba sanyi ya kashe su ba, iskar gawayin ce, wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane a ɗaki duk shekara in sun kwana da garwashi ko janareto.

Yanzu in dole ta sa sai na yi da gawayi, a waje nake hura shi har ya yi ja, hayaƙi ya ƙare. In ɗora kaskon kan bulo, in kewaye shi da raga kada su faɗa ciki, sannan in bar saman taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ƙasa a toshe, sama a buɗe. A makon farko ɗan tsako yana son ɗumi tsakanin digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da kamar uku duk mako. Amma ko ba ki da ma'auni su da kansu za su gaya miki: in sun taru sun hau kan juna sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna tsattsage abinci to an dace.

Naki ma da ke da uwa ba sa buƙatar wuta. Ki kifa musu kwando ko ki sa su a kwali mai buntun shinkafa a ƙasa, ki lulluɓe da buhu ki bar ƙofar iska.

Hajiya Mai Dinya, Kano

'Yar uwa, kwantar da hankalinki kan dinya. Shekarata goma sha ɗaya ina kiwonsu, ban taɓa rasa ko ɗaya saboda sanyi ba. Gobe ki kama ɗaya (ki riƙe wuyan a hankali, ki danne fikafikan a hammatarki) ki tura yatsa ƙarƙashin gashin ƙirjinta. Za ki ji wani lallausan gashi kamar auduga, da ɗumi kamar an fito da shi daga bargo. Akwai kuma maiƙon da take ɗebowa da baki daga gindin wutsiya tana shafe jikinta, shi ya sa ruwa ba ya ratsa ta. Tsayuwar ƙafa ɗaya da kika gani haka suke barci, ɗaya ƙafar tana cikin gashi tana shan ɗumi.

Abin da hunturu ke yi wa dinya guda biyu ne: ƙura da rashin ɗanyar ciyawa. Shekarar da na fara, a ƙaramin kwanon kaji nake ba su ruwa. Sai idon namijin ya fara kumfa, hancinsa ya toshe, yana numfashi kamar mai minshari. Na kashe kuɗi a magani a banza. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke, wannan tsuntsun wanka yake nema." Dinya sai ta nutsa kanta gaba ɗaya cikin ruwa take wanke ido da hanci. Na sa musu baho, kwana uku ya warware. Yanzu kullum da hantsi nake canja ruwan, in rana ta ɗan fito.

Maganar ciyawa kuwa, dinya makiyayiya ce kamar tunkiya, dusa da hatsi kaɗai ba sa isar ta. Allah ya taimake mu lokacin sanyi ne lokacin kayan lambu. Ina aiken yaro 'Yankaba ya kwaso min ganyen kabeji da latas da masu kaya ke ɓarewa su zubar, in wanke in watsa musu. Ki ga wawaso.

Sai dai kada ki haɗa su ɗaki ɗaya da kaji. Kashinsu ruwa-ruwa ne, kuma duk inda suka ga ruwa sai sun fantsama shi. Kwana biyu shimfiɗar za ta jiƙe, zarni ya tashi, kajin su fara tari. Namijin kuma in ya fusata, cafka ɗaya zai yi wa ɗan tsako. Nawa har mai kawo mana ruwa ya taɓa kora, bawan Allah ya bar kurarsa a ƙofar gida ya ruga. Ni dai ina kulle su da dare, amma saboda karnuka da masu tsallaka katanga ne, wurin kuwa rabinsa raga ce.

Baba Na-Daura

Jikana ke rubuta mini. 'Yata, ki bar dinya ki kula da akuyar nan, ita ce abin ji. Akuya tana jure yunwa da ƙishi, amma iska da laima ba ta jure su. Ki tsaya a wurin da dare ki ji ta inda iskar ke bugowa, za ki tarar daga gabas maso arewa take. Nan za ki kafa zana biyu a haɗe, ko ki ɗinke buhuna ki ɗaure. Sauran ɓangaren ki bar shi, ranar safe ta shigo mata.

Kada ta kwana a siminti. Mu nan gadon kara muke yi musu, ko a jera katako kan duwatsu, fitsari ya wuce ƙasa. Kowace safiya a share kashin, a barbaɗa toka inda ya jiƙe. Harawa kuma ki fi ba ta da yamma, dabbar da ta kwana tana tuƙa ba ta jin sanyi kamar mai kwana da cikin wofi. Ruwan da ya kwana a waje ba za ta sha sosai ba, ki surka mata da ɗan na zafi, ki zuba dusa da 'yar kanwa.

In ta haihu cikin dare, ki bari ta lashe ɗan, in ta yi sanyin jiki ki goge shi da tsumma ya bushe, ki tabbatar ya sha dakashi kafin ki koma barci. Na rasa 'yan awaki da dama a kan wannan, a wayi gari a tarar da su sun sandare, uwar na tsaye a kansu tana kuka. Wuta kuwa ban yarda da ita kusa da zana ba. Maƙwabcina ya hura wa tumakinsa wata shekara, iska ta ɗauki tartsatsi, kafin a kawo ruwa rumbu biyu sun tafi.

Malamin dabbobi, Funtuwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi: yawancin kajin da ake cewa sanyi ya kashe a wannan lokaci, ciwo ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ake fama da cutar da muke kira Niyukasil. Kaza ta yi zugum tana gyangyaɗi, koren zawo, wata wuyanta ya murɗe tana tafiya da baya, cikin mako guda akurki ya zama kango. Kafso ja-da-yalo da ake fasawa a ruwa ba ya kashe wannan ƙwayar cutar. Rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya a ido, ya fi rigakafin Lasota jure zafin hanya, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Agwagi da dinya kan ɗauki cutar su yi ta yawonsu lafiya lau suna raba wa kaji, wani dalilin ke nan na raba musu makwanci da wurin shan ruwa.

Awaki ma suna da tasu: majina, hawaye, gyambon baki, zawo mai wari. Sau da yawa daga kasuwa ake sayo ta. Duk dabbar da aka kawo sabuwa a ɗaure ta gefe mako uku kafin ta shiga cikin sauran. In kuma kaji suka fara faɗuwa farat ɗaya, da yawa a rana guda, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka a ci, a sanar da ofishin dabbobi. Murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a Fabrairun 2006, a jihar Kaduna, har yau tana dawowa.

Inna Rabi, Maraɗi

Malam likita, mu dai ɓawon maɗaci muke jiƙa musu da barkono tun kakanni. Kuma kwalbar allurar taku ta kaji da yawa ce, mai kaza takwas ta yi yaya da ita? Zabbina ma ko ka yi musu gidan bene, kan bishiyar dogon yaro za su kwana.

Malamin dabbobi, Funtuwa

Inna, ban hana ki maɗaci ba, amma bara kaji nawa suka rage miki bayan sanyi? Kwalbar kuwa ku haɗu gida biyar ko shida ku saya, a ɗiga wa kowa a safiya ɗaya, don in an haɗa ta ba ta kwana.

Inna Rabi, Maraɗi

Biyu suka rage cikin goma sha huɗu. To, na ji.

Yaya Abu, Ingila

Ina karanta ku ina dariya, don ni nan arewacin Ingila da guduma nake fasa ruwan dinya wasu safiyoyin. Muna da 'yar gona a bayan gari ni da wani abokina, dinya huɗu da kaji tara. Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara ta rufe filin na ruga da gudu ina salati, na tarar da dinyoyin kwance a kanta sun naɗe ƙafafu cikin gashi, suna kallona kamar ni ne mara lafiya. Kajin ne suka ƙi fitowa. Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne ko a nan.

Kuskuren da na yi irin na Baban Sadik ne, sai dai babu wuta. Na toshe duk wata kafa ta akurkin katako. Da safe sai in ga rufin yana ɗigar ruwa daga numfashinsu da kashinsu, wannan laimar ce ta daskare a zankon zakarana, tsinin ya yi baƙi ya guntule. Da na huda ramuka a sama, na riƙa ƙara busasshiyar ciyawar alkama a ƙasa, shi ke nan. Babban maƙiyinmu da dare dilan nan nasu ne mai jan gashi, in ka manta sakata sau ɗaya ya gama da kai. Kuma nan hukuma na sa baki: daga 7 ga Nuwamba 2022 har zuwa Afrilun 2023 doka ta tilasta kowa ya killace tsuntsayensa saboda murar tsuntsaye, ko kaza biyu gare ka. Killace dinya wata biyar ba wasa ba ne, sai da muka lulluɓe fili guda da raga da tamfol, kullum ina jigilar kabeji kamar mai shirin biki.

Maman Ilham, Zariya

Na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Kaskon dai ya koma aikinsa na jin ɗumin yara da safe. An kafa zana ta gabas kamar yadda Baba ya ce, kafinta ya haɗa min gadon katako da guntayen da suka rage masa. Kaza da 'ya'yanta suna kwana a kwali cikin tsohon kicin, tagar a buɗe ta sama. Ɗaya ya mutu, ƙaramin cikinsu, sauran shida har sun fara fitar da gashin fiffike. Mu gida huɗu muka haɗa kuɗin ɗigon ido ranar Asabar.

Akuyar ta haihu shekaranjiya wajen ƙarfe huɗu na asuba, tagwaye. Na biyun ya fito a raunane, uwar ta ƙi kula shi, na goge shi da tsohon zanina na riƙe masa nonon har ya kama. Baba, yana tsaye yanzu, sai dai ƙafafun baya na ɗan rawa, ko haka suke yi?

Dinyoyin kuwa na sa musu baho. Ƙarfe shida na safe, ni ina rawar ɗari cikin suwaita da mayafi biyu, su suna ciki suna wanka suna fantsama min ruwa. Rumfar da na biya aka yi musu har yau ba su taka ta ba, kajin ne suka gaje ta.