Taƙaitawa: ziyarar matan da suka karɓi ƙaramin rance a Kebbi

'Yar'uwarmu da aiki ya kawo daga ƙasar waje ta tambayi yadda za ta ziyarci matan da ke cin bashin sana'a a ƙauyukan Argungu. Ga abin da na tsinto daga amsoshin da aka ba ta.

1. Bakin kowa ɗaya: a fara gaida mai gari, sannan a yi sallama da maigida. Namiji ya tsaya a zaure.

2. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin yankan shinkafa.

3. A kan wannan batu aka fi daɗewa ana tattaunawa. Kada a shiga da littafin bashi a hannu. A zauna a tabarma, a karɓi ruwan da aka miƙo, a tambayi Inna mai sana'ar ƙuli-ƙuli kuɗin tiyar gyaɗa, a dubi man da ta matse da ƙuli-ƙulin da ke kasko. Mai turara shinkafa kuma a ƙirga buhunanta tare da ita. Zancen biya sai an keɓe, ba a gaban kishiya ba.

An rabu kan kuɗin ruwa. Wasu sun ce a bayyana shi ƙarara, wasu sun ce a saya mata kayan a ɗora riba sananniya, wato murabaha. Ni na fi karkata nan.

Hoto ma an ja: wasu sun ce da izini, wasu sun ce a bar wayar a jaka.